Inuwar da Ba Ta Gusa Ba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Inna kuwa ban san yadda zan tambayi lafiyarta ba, dalilin wannan takarda ke nan. Yau shekara shida da wata huɗu rabona da gida. Rubutu na zaɓa domin in na kira ka bakina zai riga hankalina.

Ka san tsohuwar kyamarar da na saya a garejin da muke wanke motocin bas. Ɗaukar hoto shi kaɗai ne abin da nake yi a nan ba don wani ya sa ni ba. Duk ranar hutu mukan taru a ɗakin bayan wani shagon gyaran waya, mu masu son hoto, babu wanda sana'arsa ce: direban tasi, wata nas, masu gadi biyu, da wani tsohon malamin lissafi da muke ce wa Awo, don komai sai ya auna. Kowa ya haska hotonsa a bango, sauran su yi masa fata-fata. Ba a tausayi a ɗakin nan, kuma duk na fi su kaifin baki.

Makon jiya aka ce a kawo fuskar tsofaffi. Tun da ciwon nan ya riƙe wa Inna harshe, hoton da kake turo mini duk wata shi ne gaisuwarmu da ita. Na zaɓi huɗu da suka fi fitowa, na ce musu ƙanena ne ya ɗauka, kowanne da watansa.

Direba ya ce mai hoton ya sare mata ƙafa. Mai gadi ya ce an zaunar da tsohuwa a rana kamar mai jiran hukunci. Har da ni a dariyar. Sai Awo ya ce a jera su gefe da gefe. Ya tashi da sandarsa ya nuna inuwar ƙofar ɗakinta. A duka huɗun inuwar tana nan a gindin kujera, ba ta gusa fiye da faɗin tafin hannu ba. Ya ce inuwa ba ta zama wuri ɗaya wata da watanni, wannan tafiyar awa guda ce. Ya nuna tawul a kan igiya, ninkinsa ɗaya. Ya nuna kofin ruwa a gefenta, yana raguwa daga hoto zuwa hoto. Zani da ɗankwali kawai ake canjawa.

Direba ya ce ashe ƙanena ɗan kasuwa ne, ya saro hoto a rana ɗaya yana sayar mini da ɗai-ɗai. Ɗakin ya ɗauki shewa. Nas ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon kumburin hannun Inna, sannan ta tambaye ni yaushe rabon da in gan ta tana motsi.

Na tuna duk sanda na ce ka nuna mini ita a waya, ko tana barci, ko sabis ya ɗauke. Auta, tambaya ɗaya ce, kada ka yi mini kwana-kwana. Inna tana raye?

Yayanka.

*

Auta,

Na gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya, ko da yake kai ka riga ni da wata tara. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Na karanta amsarka sau uku. Ka ce ita ta sa aka buɗe akwatinta, da hannu take nuna zanin da za a ɗaura mata a kowane hoto, kwana huɗu kafin ta cika. Ka ce tsoronta kada in watsar da aiki in taho, takarduna na zama a ƙasar nan su mutu, in rasa hanyar komawa. Na yarda. Halinta ne, kuma ba a yi wa Inna musu ko da ba ta da baki. Kai ka ɗauke ta, kai ka kwantar, kai ka raka ta makwancinta, ni ina nan ina wanke taya. Ba zan ci haƙƙinka a wannan ba.

Ga abin da ban iya haɗiyewa. Wata tara ina koya maka hoto. Na ce ka goge gilashin wayarka, ka juya ta rana ta zo ta gefe, ka durƙusa daidai idonta. Kowane wata ka amsa da to Yaya, za a gyara. Da wace fuska kake rubuta wannan? Da ka bar gawa ta huta, ka bar ni da wautata ni kaɗai. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙaryar na yafe ba, ƙaryar gidanmu ta isa haka.

Nawa laifin ya fi naka muni. Wata tara ina duba haske da duhu a fuskar uwata, ban duba fuskar ba. Sai da baƙo mai sanda ya karanta mini.

Ka ce saura uku a wurinka, kuma duk wanda ka turo kana gogewa don ba ka iya kallonsa. Ukun nan ka turo su yau, yadda suke. Ka gaishe da mai ɗakinka, na san ita ta ɗaura mata ɗankwalin.

Tara ka turo mini cikin hotunan ranar. Biyar na goge da hannuna, don a ganina ba su yi kyau ba. Mai gyaran waya ya yini a kansu, ya ceto biyu, ɗayan rabin fuska ne. Shida ke nan a hannuna.

Yayanka.