Albasar Aghali ta koma koriya

Agadas, daren Laraba

Yau na gyara launin fim ɗin Iferwan, kuma ni na gano matsalar da kaina.

Da safe na kwashe hotunan daga lojisiyel ɗin, wato manhajar kwamfuta, da na yi montaj na harhaɗa fim ɗin a cikinsa, zuwa wanda nake gyaran launi da shi, sai komai ya fito toka-toka. Har fangali uku na albasar tsoho Aghali, mai lambun da rijiyarsa ta kusa ƙafewa, suka koma kamar busasshiyar ciyawa.

Husseini abokin aikina ya leƙo ya ce, "Babbar 'yar jarida, bar shi haka mana. Fari da rashin ruwa muke nunawa, wannan ya fi taɓa zuciya."

Na tuna masa sojoji za su duba fim ɗin kafin ya fita, kuma ƙari ɗaya ya ishe su su ce ƙarya muka shirya, su hana shi. Amma a raina Aghali nake tunani. Da guga yake shayar da albasar nan tun asuba, ba zan busar masa da ita a teburina ba.

Sai bayan la'asar na gane. Da gangan kamarar take ɗaukar launi a dushe. Lojisiyel na farko ya san ta, yana cike launin da kansa, na biyun kuwa ya ɗauka an riga an gama. Da na shigar masa da irin kamarar, ƙasa ta fito ja a bushe, albasa koriya shar a tsakiyarta. Husseini ya daɗe yana kallo.

Gobe zan miƙa wa sojojin fim ɗin. Babu hoto ɗaya a ciki da ba zan iya tsayawa a kansa ba.