Telan da Baba Ya Binne a Babi na Uku

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke cina ya fi ƙarfina, kuma duk wanda zan faɗa wa a gidanmu cewa zai yi na yi wa mahaifina mugun baki. Ki rufa mini asiri, kada sunana ya fito.

Ni malama ce a jami'a, a sashen nazarin adabi. Aikina ke nan in zauna da littafi in tsefe shi, in nuna wa ɗalibai abin da ya sa marubuci ya ajiye wata kalma a nan bai ajiye ta can ba. Mahaifina kuwa marubuci ne, irin waɗanda ake sa littattafansu a jarrabawa. Da ƙarar tafiretarsa na tashi, daga ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda, inda ko Mama sai ta yi gyaran murya kafin ta shiga masa da shayi. Yanzu sashenmu ya shirya taron karrama shi, aka ce ni zan gabatar da babbar maƙala a kan rubutunsa tun daga farko: waƙoƙin da ya riƙa bugawa a mujallu yana saurayi, da ƙagaggun labaransa na tsakiyar rayuwa, da littafinsa na ƙarshe da ya fito bara. Ranar da aka faɗa mini har rawa na taka a ofis. Ban san abin da zan tono wa kaina ba.

Saboda wannan aiki na koma na karanta komai a jere. Na yi ta sintiri zuwa ɗakin ajiya na laburare, inda tsofaffin mujallu suke a ɗaure, ina atishawa ina kwafa. Gwaggo, Baban waƙoƙin nan ba ya ɓata ɗango. Kalmomi kamar ya aike su ne suke zuwa masa. A labaransa kuma abin da aka san shi da shi shi ne rashin mantuwa. Ɗalibai har zolaya suke yi, wai in Baba ya yar da allura a babin farko, to ka sa takalmi, don sai ta soki wani a babin ƙarshe.

Sai na iso littafin bara. A cikinsa akwai wani tela da ya mutu a babi na uku. An yi masa sutura, an binne shi, matarsa ta yi kuka har ta shiɗe. Can gaba sai ga shi zaune a shagonsa yana taka keke, yana ciniki da mutane, babu wanda ya firgita, babu bayanin komai. Akwai wurin da aka kwatanta ruwan sama yana dukan kwanon shagon, wannan sakin layi ya maimaitu a wurare daban-daban, kusan kalma da kalma. Sannan marubucin da a da yake da suna ga kowane zare da kowace kalar yadi, a nan ko almakashi bai ambata ba. “Abin yankan nan” yake rubutawa.

Manazarta kuwa sun ɗauki littafin sun aza a ka. Shugaban sashenmu, farfesa ne da ya koyar da ni, ya rubuta a mujallar nazari cewa Baba ya rushe katangar da ke tsakanin rai da mutuwa. Wata ta ce maimaicin ruwan saman amshi ne, irin na waƙoƙinsa na ƙuruciya. Wani ya ce ya tuɓe wa harshe ado da gangan, don ya nuna talaucin mutanen labarin. Ɗalibai biyu ma sun fara kundin digiri a kan abin da suke kira sabon salonsa. Editan da ya buga littafin tsohon ɗalibin Baba ne, kin kuwa san ba zai iya ɗaga biro ya gyara wa malaminsa ko waƙafi ba. Ni ma da farko alfahari na yi. Na ce tsohon nan har yanzu da sauransa.

Ranar nan da hantsi na je gida. Na tarar da shi a baranda, wani zare ya saki a bakin hannun rigarsa yana ta ja. Ya ɗago ya dube ni, ya buɗe baki, sai ya tsaya. Ya ɗaga yatsu biyu yana haɗa su yana rabawa, ya ce in miƙo masa abin yankan nan. Gwaggo, maganar cikin littafin ce sak. Na kawo almakashi na yanke masa zaren. Ya yi mini godiya, ya sa mini albarka, sannan ya tambaye ni ko lafiya Baffa ya ɗauke ƙafa kwana biyu, ga riguna sun taru suna jiran gyara. Baffa ƙaninsa ne, tela ne, kuma ya rasu tun ina ɗaliba. Baba ne da kansa ya shiga kabari ya karɓe shi.

Ban san yadda na iso mota ba. Na zauna na riƙe sitiyari, na kasa ko murza makulli.

Tun daga ranar na zama wata iri. In ina hira da shi ba hira nake yi ba, duba shi nake kamar takardar jarrabawa, ina ƙirga inda ya maimaita da inda ya ɓata. Sai yanzu na lura Mama ce ke ƙarasa masa magana kafin ya kai ƙarshe, da sauri, tana murmushi wa baƙi. Na ɗan taɓa mata zancen a kicin, ta ce gajiya ce, ta ƙara ƙarfin famfo. Yayana kuwa ya hau ni da faɗa a waya, wai boko ya yi mini yawa, ina neman in maida ubanmu mai taɓin hankali. Wata rana kuma sai in tarar da Baba garau, yana gyara mini karin waƙa, yana tsokanata da cewa manazarta mutane ne da ba su iya girki ba sai ɗanɗane. A irin ranar sai in ce ƙila ni ce ke ganin abin da nake nema, tunda cutar sana'armu ke nan.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Taron ya matso, an riga an buga katin gayyata. A tsarin da aka yi, bayan maƙalata za a zaunar da Baba a kan dandamali, a ba shi lasifika, jama'a su yi masa tambayoyi. Na san tambayar farko, don farfesa ya faɗa mini shi zai yi ta: me ya sa ya dawo da telan? In Baba ya ce ai telan bai mutu ba fa? In ya waiwaya yana neman Baffa a cikin kujeru, ga ɗalibai kowa da waya a hannu yana ɗauka? Mutumin da ya yi rayuwarsa yana riƙe da mutuncinsa, a gaban idona zai zama abin yawo da shi a wayoyi.

Ita ma maƙalar ta tsaya mini a wuya. In na ce salo ne, na tsaya gaban ɗalibaina na faɗi abin da zuciyata ta ce ƙarya ne. In na faɗi abin da na gani, na tona asirin mahaifina da bakina, na kunyata malamina, na rusa wa yara biyu kundi, kuma daga ranar babu mai sake karanta littafin sai don ya nemo alamar ciwo. Abin da ya fi duka kuwa, ina tsoron ranar da zan shiga barandar nan ya dube ni ya ɗaga yatsu yana laluben sunana. Gwaggo, ya zan yi?

Daga 'yarki, Mai Jan Biro.

*

'Yata Mai Jan Biro,

Na karanta wasiƙarki na ji nauyinta. Ki share hawaye. Kin haɗa abubuwa uku a ƙulli ɗaya, shi ya sa kika kasa ɗauka. Akwai lafiyar Baba, akwai dandamali, akwai maƙala. Ke kin fi tsoron taro saboda shi ne aka sa wa rana, amma lafiyarsa ce a gaba.

Littafi ba ɗakin likita ba ne, ke ma kin faɗa da kanki cewa manazarci yakan ga abin da ya fita nema. Sai dai neman ƙanin da ya rasu ba a takarda kika gani ba, a baranda kika gani. Wannan ya isa a ga likita, ba sai bayan taro ba. Mantuwa irin wannan tana da dalilai da yawa. Wasu ana maganinsu, wasu ana rage musu gudu in an farga da wuri, kuma likita ne zai bambance. Kada ki shiga masa da sunan wata cuta. Ki ce a je a duba jiki gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wa kowane dattijo, sannan ki keɓe da likitan ki faɗa masa abin da kika gani.

Ki koma wurin Mama. Matar da ke ƙarasa wa mijinta magana ta riga ki sani, ita kaɗai take dakon abin, shi ya sa ta ƙara famfo. Kada ki je mata da hujjoji kamar za ki kare kundi. Ki zauna kusa da ita ki ce kin ga ƙoƙarin da take yi, kin zo ki kama mata. Yayanki ma tsoro ne ya fito masa ta hanyar faɗa. Ki roƙe shi ya zo ya wuni da Baba, idonsa zai gaya masa abin da ya ƙi ji daga bakinki.

Dandamali kuma abu ne mai sauƙi, in kin cire kunya. Ki sami farfesa ki ce iyali sun ga shekarun Baba ba za su ɗauki zaman tambayoyi ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba a binki bashin ƙarin bayani. A zaunar da shi a karrama shi, ke ko Mama na gefensa. In yana so, ya rera ɗaya daga waƙoƙinsa na samartaka, don sau da yawa abin da aka haddace da ƙuruciya shi ne ke daɗewa. Masu tambaya su rubuto, a amsa a gida cikin natsuwa.

A kan maƙala, ban yarda cewa zaɓinki biyu ne kawai ba. Rashin lafiyar mutum sirrinsa ne, ba kayan nazari ba ne, kuma ba ki da izinin shelanta shi. Haka kuma babu wanda ya tilasta miki ki ce Baba ya yi kaza da gangan. Ki faɗi abin da ke kan shafi, da yadda ya bambanta da rubutunsa na da, da abin da yake yi wa mai karatu. Kada kuma ki raina abokan aikinki. Mai yiwuwa sun yi kuskure a kan niyya, amma abin da ya taɓa su yana nan. Mutum ne ya binne ƙaninsa da hannunsa, zuciyarsa ta ƙi yarda, ta maido shi kan kekensa. Ko da gangan ne ko ba da gangan ba, wannan kewar tasa ce, ba ta ciwo ba. In kika ga ba za ki iya tsayawa ba tare da muryarki ta karye ba, ki tsaya a waƙoƙi da labaran tsakiya, ki bar wa wani littafin ƙarshe. Ba gazawa ba ce.

Mutum ɗaya ne ba ki ce kin yi magana da shi ba, shi ne Baban kansa. Wanda ya yi rayuwarsa da kalmomi shi zai fara jin sun soma zame masa, kuma ba mamaki ya fi ku duka tsoro, yana ɓoye muku kamar yadda kuke ɓoye masa. Ki zaɓi ranar da yake garau, ki tambaye shi a hankali ko yana jin wani canji a jikinsa, ki kuma ji yadda shi yake son a yi da taron. Nasa ne, yana da ta cewa.

Ranar da kike tsoro, ba zan yi miki alkawarin ba za ta zo ba. Abin da zan ce shi ne kada ki ƙarar da kwanakin da yake saninki wajen ƙirga kurakuransa. In ya sake tambayar Baffa, kada ki yi saurin gyara masa, kada kuma ki shirya masa ƙarya. Ki ce ya ba ki labarin shagon, ki saurara. Masu nazarin mahaifinki za su cika zaure ranar taro, wasu ma su tsaya a waje. Wadda za ta gane yatsu biyun nan ta miƙo masa almakashi ba tare da ta sa shi jin kunya ba, ke ce. Ki bar jan biron a ofis in za ki je gida.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya rufa masa asiri, Ya ƙara wa Mama haƙuri, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.

Taki,
Gwaggo