Ni Na Amsa Wayar Da Aka Kira Ƙanena Aikin Tuƙin Jirgi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a nan. Shawararku nake nema, kuma tun kafin ku fara zagina ina gaya muku ni ne mai laifi, ban zo wanke kaina ba.

Ni mutumin Kontagora ne, hatsi nake sayarwa a kasuwa, masara da dawa da wake. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, babanmu ya rasu, na bar makaranta na riƙe rumfarsa. Ina da ƙane ɗaya namiji, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Nura ko da yake ba shi ne sunansa ba. Allah ya ba yaron nan kai tun yana ƙarami, har ya samu tallafin karatu ya tafi makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ya gama ya dawo da lasisinsa. Ranar da ya dawo mahaifiyarmu Inna ta yi ta shafa kafaɗar farar rigarsa tana kuka. Ni kuwa daga ranar bakina bai sake rufuwa ba, a kasuwa da majalisa babu wanda ban gaya wa cewa ƙanena zai riƙa kai alhazai Makka a babban jirgi ba, har aka sa min suna Yayan Kyaftin. In an kira ni da sunan sai in ji kamar ni na yi karatun.

Ashe lasisi kaɗai ba ya ba mutum babban jirgi. Nura ya sha yi min bayani cewa manyan kamfanoni sai wanda ya tara awanni masu yawa a sama suke ɗauka, kuma sabon matuƙi ba shi da inda zai tara su sai a ƙananan kamfanoni. Na ji da kunne, amma ban ɗauka ba.

Ana nan sai wani ƙaramin kamfani mai jiragen farfela, irin masu zirga-zirga tsakanin garuruwan cikin gida, ya buɗe ɗaukar sababbin matuƙa. Tsarinsu shi ne su koya maka tuƙa irin jirginsu, kai kuma ka sa hannu za ka yi musu aiki shekara biyar, in ka gudu kafin lokacin wanda ya tsaya maka shi zai biya kuɗin horon. Su suna ce wa yarjejeniyar bon. Nura ya je ya yi jarrabawa, aka gwada shi a na'urar da ke kwaikwayon jirgi, aka ce su koma gida, wanda ya ci za a kira shi a waya, wanda bai ji kira ba cikin sati biyu ya yi haƙuri. Ya sa lambata a matsayin lamba ta biyu, kuma ni ya rubuta a mai tsaya masa.

Kuskurena na farko shi ne na kai maganar majalisa. Da na nuna musu hoton jirgin a waya sai wani ya ce, "Au, Yayan Kyaftin, ashe kabu-kabun sama zai yi?" Wani kuma ya ce in ya zo wucewa don Allah ya taimaka ya yi masa feshin gonar wake. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya min a rai. Da aka watse wani Alhaji da muke ciniki da shi ya ja ni gefe ya ce bon ɗin nan bauta ce, kada in bari a ɗaure yaro shekara biyar, yana da mutum a Abuja da zai shigar da shi babban kamfani cikin wata biyu. Ba zan ɓoye muku ba, akwai kuma tsoron kada rumfata ta shiga cikin abin da ban fahimta ba, amma girman kai ya fi tsoron yawa.

A satin ne Nura ya tafi Kaboji taya kawunmu girbi, can gonar babu sabis ko kaɗan. Ranar Laraba da hantsi ina tsaye ana auna masara waya ta shigo, wata mata ce, ta fara da Turanci, da ta ji nawa sai ta koma Hausa. Ta ce kwana uku suna neman Nura lambarsa ba ta shiga, ya ci gwaji, suna son sanin ko zai zo ya sa hannu, don akwai masu jira a bayansa. Jama'a, da bakina na ce mata mun gode, ya riga ya samu wani wuri. Ta ce, "Malam, ka tabbata? Don zan rubuta a fayil ɗinsa cewa ya ƙi." Na ce ta rubuta. Na kashe waya, na goge lambar, na ci gaba da awo.

Da ya dawo, tun bai ajiye jaka ba ya ce, "Yaya, an kira?" Na ce babu wanda ya kira. A raina na ce wata biyu ne kawai, in aikin Alhaji ya fito zan gaya masa mu yi dariya tare. Mutumin Alhaji ya ce a jira bayan salla, aka jira, ya ce an canza shugaba, daga baya ma ya daina ɗaukar waya.

Abin da ban yi tunani ba shi ne yadda yaron zai fassara shirun. Shi dai ya ɗauka faɗuwa gwajin ya yi. Ya ce min a gwajin sauka cikin iska ya ɗan buga jirgin da ƙasa, tabbas shi ne ya kayar da shi, hannunsa ne bai iya ba. Ya naɗe farar rigar ya sa a ƙasan akwati. In yaran unguwa suka kira shi Kyaftin sai ya canza hanya. Yaron da ko a tsakiyar cin abinci ya ji ƙarar jirgi sai ya fita ya duba, ya zama ko kai ba ya ɗagawa. Inna ta yi ta karɓo masa addu'a, tana cewa baki ne ya kama shi, ina zaune kusa da ita ina cewa amin. Sau nawa na shirya zan faɗa, in na kalli fuskarsa sai in ce gobe. A haka shekara biyu ta wuce.

Wanda ya tallafe shi Baba Yohanna ne, abokin marigayi babanmu, manomi a wajen Rijau. Shi ya ba shi tuƙin tarakta a gonarsa, kuma shi ya matsa masa ya je ya sabunta takardar likita ta lafiyar matuƙi da lasisinsa. Kwanaki dattijon ya zo rumfata ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, kai ne uban yaron nan yanzu, ka yi ƙoƙari a kansa, Allah ya biya ka." Wallahi ji na yi gara ya mare ni.

To yanzu kamfanin nan dai ya sake buɗe ɗauka, Nura ya daure ya sake nema, kuma sun kira shi intabiyu ranar Alhamis mai zuwa. Shekaranjiya ya kawo min kwafin fom ɗin da ya tura, yana karantawa yana fassara min, don ni ya sake sawa a mai tsaya masa. A ciki akwai tambaya, ko mun taɓa ba ka aiki ka ƙi? Ya amsa a'a. A ƙasa kuma an rubuta duk wanda aka samu ya faɗi abin da ba gaskiya ba za a cire shi. Ni kuma na san abin da ke cikin fayil ɗinsa. In suka buɗe suka tambaye shi zai rantse musu ba a taɓa kiransa ba, su ɗauke shi maƙaryaci, a aikin da amana ce gabansa da bayansa. Da ya gama ya ninke takardar ya ce, "Yaya, ka yi min addu'a kada hannuna ya sake ba ni kunya." Na kasa cewa amin, na yi kamar tari ne ya sarƙe ni.

In na gaya masa yanzu, ina tsoron hankalinsa ya tashi ya je ya lalata intabiyun, kuma na san ba zai ƙara kallona a matsayin yaya ba, Inna ma ban san yadda zuciyarta za ta ɗauka ba, tana fama da hawan jini. In na yi shiru na ce wataƙila ba za su duba ba, na sake yin caca da rayuwarsa karo na biyu ke nan. Na yi tunanin in bi shi har ofishin in faɗa musu da bakina ni na amsa wayar, amma ban sani ba ko za su saurari ɗan kasuwa irina, ko kuwa ƙara ɓata masa zan yi.

Don Allah masu aiki a harkar jirgi da ke wannan zaure, in ɗan'uwa ya rubuta takarda ya amsa laifinsa, kamfani yana karɓa? Sauran jama'a kuma, in fara da shi, ko in fara da Baba Yohanna ya zaunar da mu? Ba na neman ya yafe min, wannan sai in ya ga dama. So nake ya shiga ɗakin nan ranar Alhamis yana sane cewa bai taɓa faɗuwa ba. Ta yaya zan gaya masa?