Ni na sa aka ɗauke bencin Baba Sale

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin duk zagin da za ku yi min, na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi.

Ni ɗalibi ne, a Unguwar Mu'azu nake. Makarantarmu ta tura mu biyu wani kamfanin yogot a Kakuri don sanin makamar aiki na wata shida, ni da ɗan ajinmu Bulus, ɗan Unguwar Boro. Ban taɓa ɗaukarsa abokin gasa ba, littafina yake ara ya kwafa in jarabawa ta matso. Ni ba mai magana ba ne, in mutane suka taru sai harshena ya yi nauyi, amma in karatu ne ko rubutu, ko ɗigo ba ya wuce ni. Makon farko aka zaunar da mu a ɗaki mai sanyi, wata Madam daga ofishin kula da ma'aikata ta haska mana majigi, ta ba kowa littafin ƙa'idojin aiki. Na karance nawa sau uku, na ja layi da jan biro. Bulus kuwa da nasa yake fifita. Na ce a raina, wannan wata shidan nawa ne.

Ashe ba a ɗakin sanyi ake koyon aikin ba. Bayan ɗakin injina akwai wani dogon benci a gindin dalbejiya, nan ma'aikata suke cin abincin rana. Al'adarsu ita ce, duk wanda inji ya wahalar ranar, shi zai fara faɗin yadda aka yi, a yi masa dariya son rai, sannan kowa ya faɗi yadda ya taɓa warware irinta. Uban bencin shi ne Baba Sale, dattijon da ke kula da injin liƙe bakin ledar yogot, ya fi shekara ashirin a kansa. Rana ta biyu Bulus ya ɗauki kwanonsa ya kutsa tsakaninsu kamar gidansu. Ni ma an kira ni. Wani ya ɗaga murya, "Farfesa, taho mana, ko shinkafar tamu ba ta cikin littafi?" Aka fashe da dariya. Na yi murmushi na ce ina zuwa, ban taɓa zuwa ba. Ni kaɗai nake cin abinci a ɗakin gwaji, wanda tagarsa ke kallon bencin, ina jin duk abin da ake faɗa, ina jin Baba yana kiran Bulus "ɗana".

Wata rana da bazara leda ta fara yoyo, ana ta zubar da kaya, Baba kuma ya tafi jana'iza. Manajan sashe ya tsayar da mu biyu ya ce, "To 'yan boko, me ya faru?" Na karanto masa abin da littafi ya ce har da lambar shafi, cewa a tabbatar zafin injin yana kan abin da aka rubuta. Aka duba, daidai yake. Sai Bulus ya ɗauki leda ɗaya ya shinshina bakinta ya ce, "Oga, ƙonewa take yi. Baba ya ce in rana ta take, ɗakin ya ɗau zafi, sai a ɗan rage." Aka rage, yoyo ya tsaya. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai, in ka gama makaranta ka neme ni." Sannan ya juyo cikin wasa ya ce, "Farfesa, wannan a shafi na nawa yake?" Wallahi ban san yadda na kai gida ba ranar. Mutumin da ko shafi goma bai karanta ba? Ni da na haddace komai, ni ne abin dariya? Me ya fi ni da shi, ban da surutu da cin shinkafa da wake a gindin bishiya?

Daga ranar na buɗe sabon shafi a littafina. Duk abin da na ji ta taga wanda ya saɓa wa ƙa'ida, sai na rubuta, da ranar, da wanda ya faɗa, da shafin da ya saɓa wa. Har da ranar da Baba ya ɗaga murfin kariya alhali inji na aiki, don ya nuna wa Bulus yadda ledar ke tafiya. Na san wannan ganganci ne na gaske, na kuma riƙe shi ina gaya wa kaina rayukan mutane nake karewa. Ƙarya ce. Da ni ya nuna wa, da na yi ta godiya. Na je wani shago a Trikania aka buga min takardar don kada a gane rubutuna, ban sa suna ba, na jefa a akwatin shawara. Burina kawai a ce wa Bulus ya koma littafi, inda na san na fi shi.

Ban san masu binciken inganci na tafe ba. Da aka karanta takardar, hankalin manya ya tashi. Cikin kwana uku aka ɗauke bencin, aka manna sanarwa cewa ba wanda zai ƙara koya wa ɗalibi komai sai a ɗakin horo, aka raba lokacin cin abinci, kowane sashe da nasa. Yanzu kowa a tsaye yake ci, ba mai tanka wa wani. Baba Sale aka ba shi takardar tuhuma, ranar Litinin zai gurfana gaban kwamiti, kuma ana raɗe-raɗin sallamarsa za a yi, mutumin da ke da 'ya'ya mata biyu a makaranta. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne, da yake na kawo maganganun bencin kalma da kalma, sai kowa ya ce ai baƙo ɗaya ne ke zama a wurin. Bulus. Ba mai amsa gaisuwarsa yanzu. Manajan da ya dafa shi, in ya gan shi sai ya kau da kai. Ba abin da na nema ke nan ba? To me ya sa ban ji daɗi ba?

Shekaranjiya muna jiran keke a bakin titi, Bulus ya ce, "Abokina, kai ka san ni. Rahoton makaranta ma kai kake gyara min, ina ni ina wannan Turancin? Allah ne shaidata." Idonsa ya ciko. Kun san abin da na ce? Na ce, "Allah ya tona asirin ko wane ne." Ya ce amin, har ya riƙe hannuna.

Jiya bayan sallar Juma'a Baba Sale ya shigo ɗakin gwaji, wurin da bai taɓa shiga ba. Ya zaro takardar tuhumar daga aljihu, duk ta yamutse, ya ce, "Malam, ni Turancina na inji ne. An ce kai ne gwanin alƙalami, ka taimaki babanka ka rubuta min amsa." Na karɓa. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Kuma ka sa a ciki cewa ba yaron nan Bulus ne ya rubuta ƙarar ba, ni na san hannunsa. Wanda ya rubuta ma ba wawa ba ne. Da ya zo ya zauna da mu, da na koya masa abin da ya fi wanda ya jiyo." Ya fita. Har yanzu ban sani ba, ya gane ni ne, ko kuwa magana ce kawai ta dattijo?

Takardar tana cikin jakata. Zan iya rubuta masa amsar da ba wanda zai rubuta kamarta, tunda ni na san kowace tuhuma daga tushenta, in yi shiru, wataƙila ya tsira, amma Bulus ya tafi da tabon. In kuwa na tsaya gaban kwamiti na ce ni ne, kuma hassada ce ta sa ni, ba na jin za a sa min hannu a littafin horo, labari zai kai makaranta, kuma mahaifina da ke nuna ni a unguwa zai ji. Ni da ko gaisuwa a taro ke yi min wuya, da wane baki zan faɗi wannan?

Jibi ne Litinin, jama'a. Don Allah ku gaya min, me zan yi?