Ciwon Barsu Ba a Cinya Yake Ba

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya aikin gona da shanunku? Tunda waya ba ta kamawa a wajenku, na ba direban madara wannan takarda.

Barsu, karen Baba, ya tsallaka shingen garejina da safe, ƙarfe ya yanke shi a wajen cinya. Na shafa masa baƙin mai. Kin san tun rasuwar Mama, Baba ba ya cin abinci sai karen nan yana kwance gabansa. Yau ko cokali bai ɗaga ba. Ke ce likitar dabbobi, me za mu yi?

Yayanki.

Yaya,

Ina gaishe ka, a gaida Baba. Baƙin mai kuma? Kare ne fa, ba injin mota ba.

Direba ya ce ya ga Barsu yana yunƙurin fitsari, jini na ɗiga. Cinya ba ta haka. Idan a gabansa ne ka faɗa mini, wannan aikin nake ci da shi. Mai ɓoye ciwonsa ai shi ke ɓoye maganinsa.

In can ne, fara ɗaure masa baki da tsumma, don zafi zai sa ya cije ka. Wanke man nan da ruwa mai tsabta, a hankali. Danna wurin da ƙyalle mai tsabta minti goma, ban da leƙawa. Naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora saboda kumburi. Huda gindin bokitin roba ka zura masa a wuya kada ya lashe. Kada ka ba shi maganin mutane. Daga nan sai asibitin dabbobi, yau ɗin nan. In fitsarin ya toshe, ba zai kai jibi ba. Hankalina a tashe yake.

Ƙanwarka, Auta.

Auta,

Bayan gaisuwa, gaskiyarki, can ne. Ni na goya ki, ta yaya zan rubuta miki wannan kalma?

Na yi duk abin da kika ce. A asibiti kuma sai na tarar likitar mace ce. Ta tambaye ni ina ne, na hau sosa ƙeya ina cewa wajen cinya. Baba ya buga sandarsa ya ce, “'Yata, marainansa ne da gabansa. Wannan ƙaton, kunya za ta sa ya kashe mini kare.” Na ji kamar in nutse.

An yi ɗinki bakwai. Ta ce mu sa ido mu ga ko zai yi fitsari. Har yanzu shiru, Baba kuma bai ci komai ba.

Yayanki.

Auta,

Barka da yamma. Barsu ya ɗaga ƙafa da bokitinsa a wuya, ya jiƙa tayar motar da na gama wankewa. Mai motar yana faɗa, ni ina godiya ga Allah. Baba ya cinye abincinsa, har ya ce a ƙaro masa.

Ki huta lafiya.

Yayanki.