Ke, Yanke, Ƙare

Bodinga,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Malam Nuhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mutanen Mandera baki ɗaya. Yaya aiki, yaya masu jiki? Na samu labarin amai da gudawa sun shigo muku da ruwan nan, kuma har yanzu kai kaɗai ne a asibitin. Allah ya kawo sauƙi, ya tsare ka.

Ka ga na rubuta sunanka gatsau. Tunda muka yi aure ban taɓa buɗe maka takarda da wani abu ba sai "maigidana", yau kuwa na daɗe riƙe da biro ban san ko ina da ikon rubuta shi ba. Wasiƙar nan ma daga gidan Yaya Maniru take fitowa, ba daga ɗakina ba.

Bari in gaya maka abin da idona ya gani ranar Juma'a, tunda ido kawai gare ni. Ka kira ni a bidiyo bayan la'asar. Hoton yana zuwa yana tsinkewa, fuskarka ta rarrabu gida-gida kamar saƙar tabarma. Sai ya washe, na ga ka nuna ni da yatsa. Ya tsaya. Da ya dawo na ga ka sara gefen hannunka a tafin ɗayan, yadda muke cewa an yanke. Ya sake tsayawa. Da ya kuma dawowa kana kakkaɓe tafukanka, wato an ƙare. A nan ya daskare, fuskarka a murtuke, sannan wayar ta yi baƙi. Ke, yanke, ƙare. Iya abin da ya iso gare ni ke nan.

Gwaggo Altine tana bayana tana tsince shinkafa. Ka san ita ta raine ni tun lokacin da sanƙarau ya tafi da kunnuwana, maganar hannu ba ta ɓace mata. Ban ji faɗuwar farantin ba, shinkafar na gani a kan ƙafata. Kafin magariba Yaya Maniru ya iso da mashin. Ya ce ishara a wajen kurma magana ce, wanda ya saki da hannu ya saki. Ya karɓe wayata don kada ka yi mini daɗin baki, ya ɗora ni a baya da ƙullin kayana.

Da bara abin nan ya faru, dariya zan yi. Amma kai ma ka san yadda muka rabu a makon da ya wuce. Tunda kamfani ya ƙara kuɗin data ka mayar da hirarmu ta kullum zuwa ta Juma'a kawai. Ka bar babban tsarin ka koma mai arha, wanda ke gudu kwana biyu sannan ya koma tafiyar hawainiya. Na yi maka magana, ka ce albashi bai san an yi ƙari ba. Na ce maka kai ma ba ka san abin da ka rage ba, ka kau da fuska. Kuma ka san kau da fuska a wajena toshe baki ne.

Tsoro nake ji, Malam, ba zan ɓoye maka ba. Ba na iya cin abinci. Na aiko da wannan ta hannun Sha'aibu direba, ka ba shi amsa in zai juyo daga Shagari. Tambayata ɗaya ce: me hannunka ya ce?

Ka huta lafiya.
Ni ce,
Safiya.

Bodinga,
ranar Alhamis.

Zuwa ga Malam Nuhu,

Assalamu alaikum. Ina gaida ka, ina yi maka sannu da fama da jama'a. Sha'aibu ya ce har a baranda aka shimfiɗa marasa lafiya. Allah ya ba su lafiya, kai kuma ka riƙa cin abinci, na san halinka in aiki ya taso.

Takardarka ta iso, na karanta har ta fara yagewa a ninki. Ka ce abin da ka faɗa shi ne "hotonki ya yanke, datata ta ƙare", hoton da datar ne suka maƙale a hanya. Ka ce rahoton masu cutar da kake turawa ofis kowace safiya shi ya cinye ta. Na gwada maganar da hannuna a gaban madubi, ta zauna daram. Na miƙa wa Yaya Maniru, ya ce takarda ba ta gardama, duk abin da mai nadama ya ɗora mata ɗauka take yi.

Sauran ka sani, tunda kai ka kira shi. Amma ba ka san yadda abin ya kasance ta wajena ba. An kira liman, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka ajiye wayar Yaya a tsakiya. Kira na murya ne, shi kam ba ya buƙatar sabis mai ƙarfi. Ina zaune ina kallon fuskokinsu. Na ga liman ya sunkuya yana saurare. Na ga Yaya ya daina kaɗa ƙafa. Na ga Gwaggo ta kama hanci tana guɗa. Daga baya aka juyo aka nuna mini cewa ka rantse ba ka yi niyyar saki ba, liman ya ce aure na nan, in tashi in haɗa kayana.

Ban tashi ba. Har yanzu ina nan, Yaya da ya ɗauko ni da ƙarfi yanzu shi ke fushin na ƙi komawa. Gwaggo ta ce taurin kai ne irin na mahaifina. Ta yiwu haka ne. Amma aurena ne, kuma kowa a tsakar gidan nan ya ji ka sai ni. Kaina ya yarda da rantsuwarka, sai dai in na rufe ido tafukan nan nake gani suna kakkaɓewa. Da hannu aka fitar da ni, ba zan koma da kunnen wasu ba.

Kada ka ce na faye ƙorafi, amma abin yana ci mini rai. Mai kunne zai sa kati kaɗan ya gaida matarsa har da tambayar kaji. Ni in zan ce maka ina kwana sai na biya kuɗin mai kallon fim, don kamfani bai san bambancin mai kallon ƙwallo da mai gaida mijinta ba. Murya in ta karye ana haɗa ta da zato. Hannu kuwa in ya karye, wata magana dabam yake zama. Shi ya sa mai arhar nan ta fi kowace tsada a wajena.

Ba zan ce ka bar marasa lafiya ka taho ba, ban yi wannan rashin imanin ba. Sha'aibu ya ce akwai shagon Ɗanmusa a bakin kasuwarku, ya ɗaura na'urar intanet a kan doguwar sanda yana sayarwa awa-awa, kuma tana da gudu. Ka je can ranar Litinin da hantsi. Yaya ya yarda zai ba ni wayata. Ka faɗa mini maganar da hannunka, daga farkonta har ƙarshenta, ba tsinkewa. In ta iso cikakkiya, a ranar zan koma ɗakina. In ta sake karyewa zan zauna nan sai cutar ta wuce ka zo da kanka, kuma ina tsoron wannan zaman. Na san zuciyata, abin da ta daɗe tana taunawa da wuya ta tofar.

Wassalam.
Safiya.

Bodinga,
ranar Lahadi.

Malam,

Sallama da gaisuwa, ina fata jiki da sauƙi a wajen mutanenka. Wannan gajera ce, kuma wataƙila sai komai ya wuce za ta same ka.

Na yi wauta. Yanzu Sha'aibu yake gaya wa Yaya cewa Litinin da hantsi ne masu raguna ke cika shagon Ɗanmusa, suna nuna wa 'yan kudu dabbobi a bidiyo ana ciniki. Ga samari masu kallon ƙwallon da aka buga ranar Lahadi. Ya ce in sun yi yawa na'urar sai ta koma kamar famfon unguwa, kowa ɗigo yake samu. Da kaina na zaɓi ranar da ta fi kowace muni, kuma ba halin in canza.

Ta nan ɓangaren na shirya. Na kai wa masu shi ɗinkin da ke hannuna, da kuɗin na sayi babban tsarin data, har mai sayarwar ya tambayi Yaya ko shago zan buɗe. Na zagaya gidan da wayar, na gano sabis ya fi ƙarfi kusa da rumbu. Can zan zauna.

Don Allah ka sa farar riga, ka fuskanci haske, kuma kada ka yi sauri.

Safiya.

Bodinga,
ranar Talata.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa irin ta matar da ta kwana a ɗakinta. Yaya gajiyar jiya, yaya masu jiki? Ka ce cutar ta fara ja da baya, Allah ya ƙarasa kore ta.

Ka san abin da ka yi, amma ba ka san abin da na gani ba, don haka ka yi haƙuri ka karanta.

Tun sassafe nake gindin rumbu, Gwaggo ta kafa kujera a bayana wai ita shaida. Da kiran ya shigo, Yaya ne ya danna mini wayar. Na ga farar riga, na ga rabin fuskarka, sai gidajen tabarmar nan suka dawo. Ka ɗaga hannu, ya tsaya a iska. Ka sake ɗagawa, ya sake tsayawa. Wallahi na riga na dafa ƙasa zan tashi, na ce a raina shi ke nan, haka Allah ya rubuta.

Sai na ga ka juya baya, bakinka na motsi. Kai da ko cigiyar silifa ba ka iya yi a masallaci don kunya, ga ka tsaye kana yi wa shago guda bayani. Ban san me ka ce musu ba. Na dai ga hoton yana washewa kaɗan-kaɗan, har na fara ganin maɓallan rigarka. Da ka juya mini wayar na ga dalili. Mutane ne jere a benci, kowa ya kife wayarsa a cinya. Wani dattijo na riƙe da igiyar rago, ya katse cinikinsa yana jira. Samarin ƙwallo sun naɗe hannu. Ka gode musu a madadina, musamman dattijon, ina fata mai sayen bai gudu ba.

Sannan ka jingine wayar ka ja baya. A nan na ga yadda ka rame, Malam, wuyan rigar ya yi maka yawa, idanunka sun faɗa. Na ji kunyar duk baƙar maganar da na aiko maka. Ka fara a hankali kamar yadda na roƙa. Ka nuna ƙirjinka. Ka yi alamar a'a. Ka buɗe tafi kamar mai sakin igiya. Hoton bai motsa ko kaɗan ba, tas nake ganin komai. Saura kalma ɗaya.

Tun muna zance, alamar mata a wajenmu ita ce ka kama leɓen kunne, wurin ɗan kunne, ka tsaya cak. Alamar akuya kuwa ka kama kunnen ka kaɗa shi. Jiya hannunka rawa yake yi. Ka kama kunnen, ya yi ta kaɗawa, kai kuma ka tsare ni da ido, hawaye na neman zubo maka, a gaban masu raguna. Wannan karon ba laifin kamfani, ba laifin na'urar Ɗanmusa. Da hannunka ka shaida mini cewa ba ka saki akuyarka ba.

Gwaggo ta ce dariyata har maƙwabta sun leƙo. Ni dai na san ina yi ina kuka, har na kasa ba ka amsa kafin awarka ta cika. Na ga ka rikice kana tambayar me ya faru, sai hoton ya ɗauke. Na san tun jiya hankalinka ba a kwance yake ba, shi ya sa na tare Sha'aibu tun da asuba.

Amsar ita ce na karɓa. Maganar ta iso cikakkiya. Yaya ya mayar da ni kafin azahar, na share ɗaki, na shanya katifa. Daga yau kuɗin data a ɗinkina zai fito, naka da nawa, kuma ba na son gardama. In rahoton ofis zai ci, ya ci nasa dabam.

Ka kula mini da kanka, ka gaida mutanen Mandera.

Taka har kullum,
akuyar da ba a saki ba,
Safiya.