Taubashina Delgado

Litinin, 5 ga Maris

Delgado ya kawo motar sintiri wanki wurin aikinmu. Ɗan sandan unguwarmu ne, na daɗe da mayar da shi taubashi. Na nuna masa Alsaini Jallo yana goge taya, na ce, "Kama wannan, ɓarawon shinkafa ne, ko takardar zama ba shi da ita." Ya yi dariya har da dukan sitiyari. Alsaini ya jefe ni da soso. A can gida, garinmu Labe, kullum haka muke da 'yan zuriyar Jallo, taubasanmu ne, ba mai fushi.

Laraba, 14 ga Maris

Bayan Isha'i malaminmu Cerno Sadu ya ce gwamnatin jihar nan ta Texas ta hana garuruwa rufa wa baƙi asiri. Wanda 'yan sanda suka tsare, in 'yan shige da fice sun nema, sai a miƙa shi. Na ce ni ina da ɗan sanda nawa na kaina. Ni kaɗai na yi dariya.

Asabar, 24 ga Maris

Alsaini bai kwana gida ba. Fitilar bayan motarsa ce ta mutu, aka tare shi, ba lasisi.

Lahadi, 25 ga Maris

Matarsa Kadiyatu ta zo da cikinta. Ta ce, "Yaya Bubakar, ba ka ce ɗan sandan nan abokinka ba ne? Je ka roƙe shi." Na ce to.

Alhamis, 29 ga Maris

Delgado ya zo. Ya rantse ba shi ya tare Alsaini ba. Wai da can kwana ɗaya ne a saki mutum, yanzu an ɗaure musu hannu. Na tambaye shi maganar nan tawa ta ranar, ko ya kai ta wani wuri. Ya ce wace magana? Bai kalle ni ba. Wataƙila ya manta da gaske. Wataƙila.

A gida taubashinka ba ya cutar da kai, ko sarki ya aiko shi. Ashe ban taɓa tambayarsa ko ya san shi taubashi ne ba.

Juma'a, 6 ga Afrilu

'Yan shige da fice sun kai Alsaini wani gari mai nisa, sun tsare shi. Kadiyatu ta daina ɗaga wayata.

Talata, 10 ga Afrilu

Delgado ya leƙo ta taga, ya ce, "Yau wa za mu kama?" Na ce sannu da zuwa, yallaɓai. Na wanke motar tsaf.

Da yamma na sa kowa a wurin aikinmu ya taka birkin motarsa na duba fitilunsa. Sabon yaron da aka ɗauka aiki ma Jallo ne. Ban tsokane shi ba. Ciwon kai ne kawai ya hana ni.